Rumbun da Aka Kwashe Kafin Fari: Nazarin Wani Ƙauyen Manoma a Gundumar Buzuluk, 1917 zuwa 1928

Wurin da yanayinsa

Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana cikin gundumar Buzuluk ta lardin Samara, gabas da Kogin Volga a ƙasar Rasha. Ba a ambaci sunansa ba, domin abin da ya same shi a shekaru goma na farkon mulkin gurguzu shi ne ya sami ɗaruruwan ƙauyukan da ke kewaye da shi, kuma alƙaluman da za a kawo na gunduma ne ko na lardi ko na ƙasa baki ɗaya.

Yankin fili ne fetal mai baƙar ƙasa, inda ake noma alkama da gero da kuma hatsin nan mai jure sanyi da Rashawa ke yin baƙin burodi da shi. Ƙasar tana da albarka idan an sami ruwa, amma ruwan ba shi da tabbas, kuma dattawan ƙauyen ba su manta da yunwar 1891 zuwa 1892 ba. Saboda haka duk magidancin da ya san abin da yake yi ba ya cinye amfanin shekara ko ya sayar da shi duka. Yana barin iri, yana barin abincin doki, sannan yana ajiye wani abu a rumbu saboda shekarar da ruwa zai ƙi zuwa. Gonakin kuwa ba mallakar mutum ɗaya ba ne: taron magidanta na ƙauye shi ke raba su lokaci bayan lokaci gwargwadon yawan bakunan da ke kowane gida. Awon hatsi a wurin shi ne pud, wanda nauyinsa ya ɗan haura kilo 16.

Nuwamba 1917 zuwa Oktoba 1918: gona ta ƙaru

Dokar farko da ta shafi ƙauyen bayan 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar 'yan gurguzu ta Rasha, sun karɓi mulki a Nuwamba 1917 ita ce dokar filaye, wadda ta soke mallakar manyan masu filaye ba tare da biyan diyya ba, ta kuma bar wa manoma rabon. Taron magidanta ya haɗa gonakin masu filaye da na coci da na waɗanda suka ware kansu daga gandun ƙauye a shekarun baya, ya sake rabawa. Sojojin da suka gudo daga fagen yaƙi da Jamus sun dawo gida a kan lokacin rabo. Kuɗin hayar gona ya ƙare, bashin bankin manoma ma ya bi ruwa. Idan aka auna da cikin mutum da abin da ke rumbunsa, wannan ita ce shekarar da talakan ƙauye ya fi ganin amfanin juyin juya hali.

Sai dai birane sun riga sun shiga yunwa. A Mayu 1918 gwamnati ta ayyana cewa duk rarar hatsi tata ce a kan farashin da ta yanke, ta fara tura ƙungiyoyin ma'aikata ɗauke da bindigogi zuwa karkara, sannan a Yuni ta kafa kwamitocin talakawan ƙauye domin su nuna gidajen da ke ɓoye hatsi. Wannan mataki bai riski ƙauyen nan da wuri ba, domin a ranar 8 ga Yuni 1918 sojojin Cekoslobakiya da ke cikin Rasha, waɗanda suka juya wa Bolshebik baya, suka kama birnin Samara, lardin ya koma hannun gwamnatin masu adawa da Bolshebik, har zuwa 7 ga Oktoba lokacin da Jar Runduna, wato sojojin Bolshebik, ta sake ƙwace birnin. Kowane ɓangare ya ɗebi samari da dawakai da hatsi a kan hanyarsa.

1919 zuwa tsakiyar 1920: kason dole

A Nuwamba 1918 aka haramta cinikin 'yan kasuwa masu zaman kansu, a ranar 11 ga Janairu 1919 kuma aka fitar da dokar da ta sauya yadda ake karɓar hatsi. Kafin wannan doka ana fara lissafa abin da gida ke buƙata, wato pud 12 na hatsi ga kowane mutum a shekara, kimanin buhu biyu masu kilo ɗari, ban da iri da abincin dabbobi, sai a karɓi abin da ya ragu. Sabuwar dokar ta juya lissafin. Mosko ce ke fara ƙayyade abin da sojoji da birane ke buƙata, ta raba wa larduna, lardi ya raba wa gundumomi, gunduma ta raba wa ƙauyuka, kuma kason da ya faɗa kan ƙauye shi ake kira rara, ko akwai shi a rumbu ko babu. An ɗora alhakin cika kason a kan ƙauyen gaba ɗaya, saboda haka idan wani gida ya ɓoye, maƙwabcinsa ne zai biya. Inda aka gaza cikawa ana tsare dattawa a matsayin jingina, ana tona daɓen ɗakuna da sandunan ƙarfe.

Nauyin ya fi sauka a kan lardunan Volga saboda wani dalili na yaƙi. Yukren da Siberiya da Arewacin Kokasus, waɗanda su ne manyan rumbunan ƙasar, sun shafe yawancin wannan lokaci a hannun abokan gaba, don haka Samara da Saratov da maƙwabtansu suka zama inda hannun gwamnati ke iya kaiwa. A bazarar 1919 fagen daga ya sake matsowa kusa, lokacin da sojojin Kolchak, jagoran masu adawa da Bolshebik a Siberiya, suka doso Volga daga gabas kuma Jar Runduna ƙarƙashin kwamanda Frunze ta tara ƙarfinta a kewayen Buzuluk domin mayar da martani.

A bisa takarda ana biyan manomi kuɗin hatsinsa, kuma an yi masa alkawarin kayan masana'antu. A zahiri kuɗin takardar da ake bugawa ba ƙaƙƙautawa ba ya sayen komai, masana'antun ma sun durƙushe, har abin da manyan masana'antu suka samar a 1920 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na 1913 ba. Gishiri da kananzir da ashana da ƙusa da yadi sun ɓace daga ƙauye. Gidaje sun koma haska ɗaki da tsinken itace, mata suka koma saƙar hannu, garmar da ta karye ba ta da mai gyara. Ciniki kaɗai da ya rage shi ne na masu buhu, mutanen birni da ke hawan jirgin ƙasa da riguna da takalma da kayan ɗaki suna musayarsu da gari, suna kuma kauce wa shingayen da aka kafa a tashoshi domin ƙwace abin da suka ɗauko. Lenin, shugaban gwamnatin Bolshebik, da kansa ya amince cewa wajen rabin abincin ma'aikacin birni ta wannan haramtacciyar hanya yake zuwa. Wanda bai iya jurewa ba ya bar birni: mutanen Petrograd, tsohon babban birnin ƙasar, da suka haura miliyan 2 a 1917, sun ragu zuwa kimanin 720,000 a 1920.

Hatsin da gwamnati ta tattara ya ƙaru, daga wajen pud miliyan 108 a kakar 1918 zuwa 1919 ya kai wajen miliyan 212 a kakar da ta biyo baya. Ta wannan ma'auni manufar tana aiki, kuma da shi aka ciyar da rundunar da ta ci yaƙin basasa.

Martanin ƙauyen, da abin da gwamnati ta gwada a 1920

Magidanta sun gwada hanyoyi uku. Na farko ɓoyo, a ramuka da cikin daji da ƙarƙashin tarin ciyawa, ko kuma a mayar da hatsin giya ko a ba dabbobi kafin masu karɓa su iso. Na biyu tawaye. A Maris 1919 manoman yammacin lardin da na Simbirsk sun tashi da gatura da cokulan ciyawa, aka murƙushe su cikin makonni. A Yuli 1920 wani kwamandan dawakai na Jar Rundunar kanta mai suna Sapozhkov ya yi bore, ya kama garin Buzuluk na ɗan lokaci yana neman a soke kason dole a buɗe kasuwa, a farkon Satumba kuma aka kashe shi. A Agusta na wannan shekara tawayen da ya fi kowanne girma ya ɓarke a lardin Tambov.

Hanya ta uku ba ta da hayaniya, amma ita ce ta fi tasiri. Manomin da ya ga cewa duk abin da ya wuce cikinsa za a tafi da shi, sai ya daina noma abin da ya wuce cikinsa. Ya rage faɗin gona, ya bar alkamar kasuwa ya koma gero, gidan da aka ƙwace wa doki kuwa ko yana so ba zai iya noman da ba. Abin lura shi ne hukumomi ba su rage kason ba da gonaki suka ragu, domin a lissafinsu raguwar ƙarya ce kuma hatsin yana ɓoye.

Damina ta yi ƙaranci a 1920, amfanin gona na ƙasar baki ɗaya ya sauka zuwa kimanin tan miliyan 46, alhali a 1913 ya kai wajen miliyan 80. Duk da haka kason da aka sanya wa ƙasar a wannan kaka ya kai pud miliyan 423. A ƙauyukan Samara cika irin wannan kaso yana nufin taɓa abubuwa biyu da manomi ba ya taɓawa, wato ajiyar fari da iri. Da gwamnati ta lura cewa gonaki na raguwa, sai ta nemi magance matsalar da ƙarin umarni: a Disamba 1920 babban taron majalisun Sobiyet na takwas ya amince da kafa kwamitocin shuka, waɗanda za su tsara wa kowane ƙauye faɗin da zai noma, su kuma tara iri a ɗakin ajiya na hukuma. Manoma sun ɗauki tara irin a matsayin wata sabuwar ƙwace, kuma kwamitocin ba su kai ga nuna wani sakamako ba kafin a watsar da tsarin da ya haife su.

Maris zuwa Agusta 1921: an sauya manufa, ruwa ya ƙi zuwa

Yajin aikin ma'aikatan Petrograd a Fabrairu da boren sojojin ruwa na sansanin Kronstadt da ke kusa da birnin a Maris, haɗe da tawayen manoman Tambov da yammacin Siberiya, sun sa babban taron jam'iyya na goma ya karɓi shawarar Lenin ta soke kason dole. Dokar 21 ga Maris 1921 ta maye gurbinsa da harajin hatsi wanda za a sanar kafin shuka, aka ƙayyade shi a pud miliyan 240, kuma abin da ya ragu na manomi ne. Da farko an so a taƙaita cinikin rarar ga musayar kaya da kaya ta hannun ƙungiyoyin gama-kai, amma gwamnati ba ta da kayan da za ta bayar, a Oktoba kuma Lenin ya yarda cewa musayar ta rushe ta koma saye da sayarwa na yau da kullum.

Ƙauyen bai ci moriyar wannan doka a shekararta ta farko ba. Ƙanƙarar hunturu ba ta sauka da yawa ba, daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafi da busasshiyar iska suka ƙone shukar da aka yi da ɗan irin da ya rage. A gonaki da yawa ba a girbi ko abin da aka shuka ba. Amfanin ƙasar na 1921 bai kai tan miliyan 38 ba. An yafe wa lardunan da fari ya shafa harajin hatsi, amma yafe haraji bai mayar da komai cikin rumbun da aka kwashe watanni kafin nan ba.

Tun daga Yuli aka fara haɗa gari da ƙwayar ciyawa da ɓawon itace, daga baya har da laka. An yanka dabbobi ko an sayar da su a wulaƙance, an sauke ciyawar rufin ɗaki an ba dokin da ya rage. Da yake Buzuluk na kan layin dogo da ya bi ta Orenburg zuwa Tashkent, iyalai da yawa sun rufe gida suka tafi tasha da fatan isa inda ake cewa akwai burodi, a can kuma kwalara, sannan zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa, suka same su.

A Yuli marubuci Maxim Gorky ya aika roƙon agaji ga duniya, aka kuma bari fitattun mutanen da ba 'yan jam'iyya ba suka kafa kwamitin taimako. A ranar 20 ga Agusta, a birnin Riga, gwamnati ta rattaba hannu da Hukumar Agaji ta Amurka da Herbert Hoover ke shugabanta, bisa sharaɗin cewa Amurkawa ne za su zaɓi wanda za a ciyar. Mako guda bayan haka aka rusa kwamitin na 'yan ƙasa, aka kama da yawa daga cikin mambobinsa.

Hunturun 1921 zuwa girbin 1922

Gundumar Buzuluk ta faɗa cikin rabon Kiristoci 'yan ɗariƙar Kweka na Birtaniya da Amurka, waɗanda suka san yankin tun aikin da suka yi da 'yan gudun hijirar yaƙi daga 1916. Agajin farko na yara ne kawai, abinci sau ɗaya a rana a ɗakin girki na ƙauye, kuma inda babu dokin jan kaya daga tasha, abincin yakan tsaya a tasha. Fridtjof Nansen, ɗan ƙasar Norway da ke jagorantar wani shirin agajin yunwar, ya ziyarci Buzuluk a Disamba 1921, hotunan gawarwakin da aka tara a maƙabartar garin, saboda ƙasa ta daskare kuma babu mai ƙarfin haƙa, suna cikin waɗanda suka girgiza Turai. Rahotannin hukumomin lardin kansu sun tabbatar da cin naman mutane a wannan hunturu. Daga Janairu zuwa Maris 1922 ne mutuwa ta fi yawa.

Abin da ya karya yunwar manya shi ne masara. A Disamba 1921 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 20 domin sayen masara da iri, gwamnatin Sobiyet ma ta fitar da zinariya daga baitulmali ta sayi iri. Jiragen ruwa sun iso da wuri, amma layin dogon da yaƙi ya lalata ya cushe, masarar ba ta kai ƙauyukan Volga sosai ba sai a Maris da Afrilu. Mutanen yankin ba su saba da ita ba, sai da aka koya musu yadda ake dafa ta, domin wanda ya ci ta ɗanya a kan cikin da ya daɗe babu komai yana iya mutuwa. A tsakiyar 1922 hukumar Hoover kaɗai tana ciyar da mutum sama da miliyan 10 kowace rana. Gwamnati ta ɗauki nauyin kai iri da kwashe yara zuwa lardunan da ke da abinci, a Fabrairu 1922 kuma ta ba da umarnin ƙwace kayan zinariya da azurfa na coci da sunan agajin yunwa, matakin da ya haifar da arangama da shari'o'i fiye da yadda ya haifar da burodi. Kiyasin da aka fi kawowa na waɗanda suka mutu a faɗin ƙasar shi ne kimanin miliyan 5.

An yi shukar 1922 da irin da aka kawo daga waje, a gidaje da dama mutane ne suka ja garma ko suka yi kaftu da shebur. Ruwa ya sauka, girbin ƙasar ya koma wajen tan miliyan 50.

1922 zuwa 1926: farfaɗowa

Dokar filaye ta ƙarshen 1922 ta tabbatar wa gidaje amfani da gonakinsu, ta kuma halatta ba da hayar gona da ɗaukar ɗan ƙwadago cikin wasu iyakoki. Ga ƙauyen da yunwa ta bar wa zawarawa da marayu da gidaje marasa doki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matar da ba za ta iya noma rabonta ba tana iya ba maƙwabci mai doki su raba amfani a fili. 'Yan Kweka sun juya daga ciyarwa zuwa sayo dawakai suna ba manoma bashi, da kuma yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ya biyo bayan yunwar. Kasuwannin ƙauye sun dawo, gishiri da kananzir suka sake bayyana.

Farfaɗowar ta yi tuntuɓe a 1923. Gona ta murmure kafin masana'anta, kamfanonin gwamnati kuma suka tsauwala farashi, har a Oktoba farashin kayan masana'antu ya kai kashi 276 cikin ɗari na 1913, na amfanin gona kuwa kashi 89. Trotsky, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Bolshebik, ya kwatanta layukan biyu da almakashin da ya buɗe baki. Manomi ya daina sayen kaya, ya fara riƙe hatsinsa. A wannan karon gwamnati ba ta aika masu bindiga ba: ta tilasta wa kamfanoninta rage farashi, ta ci gaba da fitar da hatsi waje domin ɗaga darajarsa. A 1924 aka kammala sauya kuɗi zuwa sabon kuɗin da ke da madogarar zinariya, haraji ma ya koma na kuɗi. Faɗin gonakin da aka shuka a ƙasar, wanda ya sauka zuwa kimanin hekta miliyan 78 a 1922, ya koma wajen miliyan 104 a 1925, girbin 1926 kuma ya kusa tan miliyan 77. Yankin Volga ya bi baya a hankali saboda ƙarancin dawakai da wani farin da ya sake taɓa shi a 1924, amma wannan fari bai zama irin na 1921 ba.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Fari ne ya kawo yunwar 1921, kuma shekarun yaƙi tun daga 1914 sun riga sun cinye maza da dawakai da layin dogo kafin a karɓi pud ɗaya na kason dole. Wanda ya ɗora komai a kan manufa bai yi adalci ba. Amma yankin ya san fari tun fil azal, yana kuma da kariya biyu daga gare shi, wato ajiyar rumbu da ɗan kasuwar da ke kawo hatsi daga inda aka samu zuwa inda aka rasa. Dokar Janairu 1919 ta kwashe ta farko, dokar Nuwamba 1918 ta haramta ta biyu. Kuskuren da ya fi muni, a ganina, shi ne na kakar 1920, lokacin da yaƙi ya kusa ƙarewa, girbi ya lalace, aka kuma ƙara kaso maimakon a rage. Da dokar Maris 1921 ta zo shekara guda kafin lokacinta, kamar yadda Trotsky ya ba da shawara a farkon 1920 shugabannin jam'iyya suka ƙi, da fari ya tarar da wani abu a rumbu.

Kwamitocin talakawa da kwamitocin shuka da shingayen tasha duk sun gaza saboda dalili guda: sun ɗauka cewa hatsi abu ne da ke nan a ajiye ana nemansa, alhali hatsin baɗi ya dogara da shawarar da magidanci zai yanke bana. Harajin hatsi ya yi aiki ba don sauƙinsa kawai ba, sai don manomi ya san adadinsa kafin ya sa garma a ƙasa, kuma akwai abin da zai saya da rararsa. Agajin waje ya ceci rayuka na shekara guda, amma bai dawo da hekta miliyan 26 da aka sake nomawa tsakanin 1922 da 1925 ba. Magidanta ne suka dawo da su, da kayan aikin da ba su fi na kakanninsu ba.

Tsarin bai warware wa gwamnati tata matsalar ba. Ƙauyen da ya ƙoshi yana cin kaso mafi girma na abin da ya noma, yana kai kaɗan kasuwa, shugabanni kuma suna neman hatsi mai arha domin gina masana'antu. Da aka rage farashin da hukuma ke saye a 1926, manoma sun riƙe hatsinsu a kakar 1927. A Janairu 1928 Stalin, babban sakataren jam'iyya, ya tafi Siberiya ya umarci a yi amfani da sashe na 107 na dokar laifuka a kan masu riƙe hatsi, aka rufe kasuwanni a wurare da yawa, masu bincike kuma suka sake shiga gidajen ƙauyukan Volga da sandunansu na ƙarfe.